Akawal ɗina ya fara ja, kofatonsa na tsagewa: in ƙara masa zink ko in bari?

Mai_Akawal: Salamu alaikum 'yan'uwa. Dokina akawal ne, shekararsa 7, nauyinsa kusan kilo 450. Wata uku ke nan baƙin gashinsa ya dushe, ƙarshen gezarsa da wutsiyarsa sun koma ja-ja, kofatan gaba kuma suna tsagewa daga ƙasa. Busasshiyar ciyawa da dusa kawai yake ci, sai gishirin lasa, ba na ba shi abincin buhu. An kawo min garin zink a roba, ban buɗe ba. In ba shi, ko in fara kai ciyawar gwaji? Waɗanda suka taɓa bayarwa nake son ji.

Ɗan_Sukuwa: Wa alaikumus salam. Sauya masa abincin buhun da kake ba shi, daga nan matsalar take.

Mai_Akawal: Ɗan'uwa, ai na ce ba ya cin na buhu.

Barkwanci99: Zink dai na rufin ɗaki? To ka haɗa masa da ƙusa ya yi rumfa.

Uwar_Duƙushi: Malam, don girman Allah kada ka buɗe robar nan. Ni na buɗe, har yau ban daina cizon yatsa ba. Goɗiyata ta haifi duƙushi, lafiyayye, da ya yi wata biyar na ga gashinsa ba ya sheƙi. Mai sayar da kayan dabbobi ya ce min zink ne maganin, cokali guda safe da yamma. Ban san abincin da nake ba shi ma an riga an zuba masa zink ba. Bayan 'yan watanni gwiwoyinsa suka kumbura, in zai tashi da safe sai ya daɗe a durƙushe yana nishi, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana saukewa kamar mai taka garwashi. Likitan dabbobi ya ce zink ɗin ya yi yawa har ya hana jikinsa ɗaukar sinadarin tagulla, shi kuma guringuntsin ɗan doki da tagulla yake ginuwa. Na daina ba shi, amma ɗingishin bai bar shi ba. Na koma wurin mai kayan, wai shi bai ce in yi ta bayarwa ba.

Ɗan_Sukuwa: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Hajiya.

Tsohon_Barga: Yara, shekara talatin ina wanke doki, ban taɓa auna tutiya, zink ɗin nan naku, a cokali ba. Ja da gashin akawal ya yi rana ce da zufa. Ka ɗaure shi a inuwa, ka riƙa wanke masa zufar, ka ga ikon Allah.

Ɗalibar_Likitanci: Baba, rana da zufa suna dusar da baƙin gashi, gaskiyarka, amma ƙarancin tagulla da zink ma yana yi. Littafin abincin dawaki na hukumar bincike ta Amurka, NRC, na 2007 ya sa wa doki mai kilo 500 da ba ya aikin wahala miligiram 400 na zink da 100 na tagulla a rana, wato kusan huɗu da ɗaya. Abin da ya samu duƙushin Hajiya rushewar wannan ma'aunin ne, kuma 'ya'yan dawaki sun fi manya shiga haɗari. Malam Mai Akawal, duba jikin robar. Garin iri-iri ne, zink salfet da zink okzayid ba ƙarfinsu ɗaya ba, okzayid ya kusa ninka salfet a cokali guda. Ka auna da sikeli, cokali ba ma'auni ba ne.

Tsohon_Barga: 'Yata, littafin ya taɓa riƙe linzami?

Ɗalibar_Likitanci: Bai taɓa ba, Baba, amma waɗanda suka rubuta shi sun auna abin da doki ke ci.

Ɗan_Sukuwa: Ni dai ina bayar da wanda aka haɗa da tagulla da bitamin ɗin nan bayotin. Ba tsada, roba ɗaya tana kai min wata biyu.

Mahayi_Kili: Ba tsada? Tawa sati uku ta ƙare, kuma ta fi kuɗin ciyawar watan. Na yi wata biyu ina bayarwa, kofaton yana nan yadda yake, na watsar.

Ɗalibar_Likitanci: Wata biyu ya yi kaɗan, Yaya. Tsiron kofato bai cika wuce santimita ɗaya ba a wata, kafin sabo ya sauko daga sama har ƙasa sai wata 9 zuwa 12. Tsohuwar tsaga ba ta haɗewa, yanke ta ake yi a hankali.

Mahayi_Kili: Yawwa, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Masu yankan kofaton nan! Nawa ya zo a gurguje, ya zaftare dunduniyar kofaton, ya bar gaba da tsawo kamar takalmin aro. Sati biyu doki yana taka ƙasa a tsorace. Na kira shi, wai ƙasar bargata ce ta yi tauri.

Uwar_Duƙushi: Duk halinsu ɗaya da masu sayar da garin nan, laifi ba ya taɓa zama nasu.

Tsohon_Barga: A nan kam na yarda. Wanda bai iya riƙe wuƙa ba ya fi kowace ciyawa tsaga kofato. Mai Akawal, yaushe rabonka da yanke masa?

Mai_Akawal: Ya kai wata huɗu, Baba. Amma zancen gwajin ciyawar fa? Ko jininsa zan kai a duba?

Barkwanci99: Wata huɗu! Malam, ba zink dokinka yake nema ba, wanzami yake nema.

Mahayi_Kili: Kada dai ka kira irin nawa. Wai ku duk bayan sati nawa kuke yankewa? Nawa cewa yake shida, na maƙwabcina ya ce takwas.