Taƙaitawar shawarwari kan zaɓen rimot mai araha na ƙananan jiragen sama

1. Kusan duk masu ba da shawarar sun yarda cewa mai koyo ya sayi rimot mai aiki da mitar rediyo ta 2.4GHz, mai tashoshi shida aƙalla (wato hanyoyin aika umarni, kowace na sarrafa abu ɗaya a jirgi), wanda ake iya haɗa shi da kwamfuta ta USB domin atisaye da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi kafin a fita fili.

2. Ra'ayi ya rabu a kan samfuri. Wasu sun zaɓi FlySky FS-i6X saboda arha da sauƙin saiti, amma mafi rinjaye sun fifita RadioMaster Pocket mai ExpressLRS (tsarin aika sigina tsakanin rimot da jirgi) da EdgeTX (manhajar da ke tafiyar da rimot), domin siginarsa tana kaiwa nesa, kodayake saita shi yana wahalar da sabon shiga.

3. An ja kunne a tabbatar risibar jirgi, wato na'urar da ke karɓar sigina, ta dace da rimot, kuma a ɗauki Mode 2, mai sandar totur a hagu.