Wace kalmar Turanci ce ta "ƙara dagula lamari"?

'Yar Mabera: Assalamu alaikum. Ina rubuta aikin makaranta kan ambaliyar unguwarmu. So nike in ce ledojin da sunka toshe kwalbati sun ƙara dagula lamarin. Worsen kaɗai na sani, malam kuwa ya gaji da ita.

Malamin Sakandare: Ƙanwata, sa exacerbate, ita ta dace da rubutun jami'a. Aggravate ma ta yi, amma likitoci sun fi jinginata ga ciwo, kuma takan nufi ɓata wa mutum rai.

Ɗan Runjin Sambo: Akwai compound, in sabuwar matsala ta hau kan tsohuwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

'Yar Mabera: Add fuel to the fire fa?

Malamin Sakandare: Ga ambaliya? Haba! Aje wagga sai ranar rikici.