Motar rimot ɗina tana juyewa a kwana, injin kuma kamar garwashi, a taimaka dan Allah

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Masu ilmin motar rimot nake nema, ba irin ta yara da ake saya da sallah ba, irin ta tsere wadda ake haɗawa da hannu. Yayana ne ya taho min da Tamiya TT-02 daga tafiya, a kwali take zuwa gutsi-gutsi, dare huɗu na kwashe ina haɗa ta da littafin da ke ciki har madam ta fara cewa na yi mata kishiya. Yanzu mu biyar ne masu irinta, duk Lahadi bayan la'asar muna haɗuwa a wani filin ƙwallon kwando, mu shimfiɗa tsohon tiyo da robobin ruwa mu fitar da hanya, mu yi tseren minti biyar-biyar.

To ga damuwata. Ko na saki sitiyari sai ta dinga jan hagu, na murɗa tirim ɗin rimot, wato maɓallin daidaita sitiyari, har ya ƙure amma a banza. Sannan duk sanda na fito daga kwana na ba ta wuta sai bayanta ya wuce gaba ta juyo tana kallona, kafin in miƙe kowa ya wuce. Ga injin yana wani irin zafi, makon jiya na taɓa shi sai da yatsana ya tashi. Abin da na canza kawai ƙaramin giya ne, na cire mai haƙori 22 na sa mai 25 don ta ƙara gudu. Shin kayan alminiyom ɗin nan masu shuɗi zan yi oda, ko injin burashles (irin wanda ba shi da burushi a ciki), ko in sayar da ita kawai in nemi babba?

Bakanike_Panteka:
Wa alaikumus salam ƙanena. Rufe aljihunka tukuna kar ka yi odar komai. Ni manyan motoci nake gyarawa amma ina da wannan TT-02 ɗin shekara uku kenan, kuma ciwonsu ɗaya da manya, mutum zai zo yana cewa a yi masa alaimen alhali birki ne ya riƙe taya ɗaya.

Ka cire tayoyi huɗun, ka cire shokoba, ka ɗaga motar sama. Kowane hannu na taya ya kamata ya faɗo ƙasa da kansa don nauyinsa, in ka ɗaga ɗaya ya tsaya a sama to ka matse sukurun da yawa, kuma wannan shi ne kuskuren duk sabon mai haɗi, yana ganin matsewa ita ce ƙwarewa alhali roba ce ba ƙarfe ba, in ka ji sukurun ya zauna ka tsaya. Sai ka juya kowane aksul da yatsa ka ji ko akwai wanda yake da nauyi.

Maganar sitiyari kuma, mayar da tirim ɗinka tsakiya, ka cire hannun da ke kan sabo ɗin (servo, ɗan injin da ke juya sitiyari), ka kunna rimot ka kunna mota, sabo zai koma tsakiyarsa da kansa, a lokacin ne zaka mayar da hannun a miƙe. Ina kyautata zaton a kashe ka ɗaura shi shi ya sa tirim ya ƙure.

In ma kuɗin na cizonka to abu ɗaya zan ce ka saya, boris. Motar da bushin take zuwa, wasu na roba ma, kuma ƙurar Kano in ta haɗu da giris sai ta koma kamar samfefa, wata biyu bushin ya cinye taya ta fara rawa. Saitin boris ɗinta guda 16 ne. Ka nemi masu murfin roba ba masu murfin ƙarfe ba saboda ƙurarmu, musamman yanzu da hunturu ke ƙaratowa. Bayan kowane tsere ka bi ta da burushin fenti, kar ka kai ta gun masu wankin mota su hura mata iska mai ƙarfi, tura ƙasar ciki suke yi.

Sarkin_Gudu:
Oga sayar da ita kawai ka sayi Xray ta 'yan gasa, TT-02 ai keken koyo ce 😂

Bakanike_Panteka:
Xray a filin kwando mai tsakuwa? Da bel take tafiya kuma a buɗe yake, tsakuwa ɗaya ta shiga tsakanin bel da fuli an gama, sai ka jira kaya daga waje wata guda. Ita wannan da shaf take tafiya giyoyinta a rufe, irin filinku ita ta dace da shi. Kuma wanda bai iya fita kwana da jaki ba doki kayar da shi zai yi.

Hajiya_Injiniya:
Sannunku. Ni karatu ya kawo ni Ingila, nan na faɗa harkar, duk sati ina zuwa wani kulob da ake tsere a kan kafet cikin ɗaki saboda sanyi, ƙarƙashin dokokin BRCA, ƙungiyar masu tseren motar rimot ta Birtaniya. Malam Bakanike ya faɗi gaskiya, a nan ma tsofaffin hannu in ka kai musu ƙorafi ba sa tambayar me ka saya, cewa suke ɗora ta kan gilashi mu gani.

Juyewar da take yi maka a fitar kwana bayan motar ne ba shi da riƙo. Shokobar da ke zuwa cikin kwalin ba mai a cikinta, sifirin ne kawai da roba, shi ya sa take tsalle kamar fara, taya tana barin ƙasa kana ba ta wuta dole ta juya. Bayan boris, shokoba mai mai ita ce abu na biyu, ka zuba man silikon mai kauri wajen lamba 400, kar ka zuba man inji ko na keken ɗinki dan Allah, na ga wanda ya yi. In ka zuba ka motsa sandar a hankali kumfa ta fito, ka bar su tsaye minti goma kafin ka rufe. Kuma ka auna tsawonsu, ta hagu da ta dama su zama daidai, bambancin milimita ɗaya ya isa ya sa mota ta yi lafiya a kwanar dama ta yi hauka a ta hagu.

Tsayinta daga ƙasa mu a kafet milimita 5 muke sawa, ku da filinku ba sumul ba ka ba ta 6 ko 7, baya ya ɗara gaba kaɗan, kuma da batir a ciki ake aunawa a kan abu mai shafe. Akwai dabarar da ba ta cin kuɗi, ka buɗe dif ɗin gaba, wato giyar da ke raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama, ka cusa giris mai kauri ya yi nauyin juyawa, na baya ka bar shi sakwa-sakwa, gaban zai riƙa jan motar yana fitar da ita daga kwana maimakon baya ya turo ta. Motocin rimot na gasa ma yawanci dif ɗin gabansu a kulle yake gaba ɗaya.

Su kamba da to-in da kake gani ana magana, wato kwanciyar taya da yadda take kallon ciki, a motocin gasa ana sa kamba digiri 1.5 zuwa 2, to-in na baya wajen digiri 3, shi ne yake dasa bayan mota a ƙasa. Taka ta asali ba a saita waɗannan, hannayen a ƙayyade suke, amma Tamiya suna sayar da mariƙin tayar baya mai digiri 2.5 da mai 3, a duk kayan shuɗin nan shi ne wanda zai taɓa matsalarka, sauran yawanci ado ne.

Amma fa gaskiya rabin abin yatsanka ne. Motar tana jan taya huɗu, in ka fizgi totur lokaci ɗaya a kan siminti mai ƙura babu saitin da zai cece ka. Rage gudu tun kafin kwana, ka bari hancinta ya miƙe, sannan ka ja a hankali. Ni sai da wani dattijo ya rage min wutar rimot zuwa kashi 70 cikin ɗari, raina ya ɓaci ranar, amma zagayen da na yi cikin minti biyar ya fi na kullum saboda ban kife ko sau ɗaya ba. Ku dinga share filin kafin ku fara, masu tsere a filin ajiye motoci har ruwan sukari suke fesawa don taya ta kama, sai dai ban san yadda zaku ƙare da tururuwa ba. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta a littafi, in ka canza uku ta gyaru ba zaka san wanne ya yi aikin ba.

Mai_Caji:
Zafin injin kai ka jawo shi malam. Babban giyarka haƙori 70 ne, ka raba da 22 ka ninka da 2.6 na cikin motar, zai ba ka 8.27, da ka sa 25 ya sauko 7.28, kamar ka tashi mota a giya uku ne a kowace kwana, a ɗan ƙaramin fili kuma ga ranar Kano. Koma 22, in zafi ya yi yawa ma 20. Bayan minti biyar in ba zaka iya ɗora yatsa daƙiƙa uku ba ya wuce ƙa'ida, masu na'urar awo ba sa son ya haura digiri 70 na Celsius. Kuma ka duba ko ƙaramin giyan na alminiyom ne, yana cinyewa ya zama baƙin gari ya lalata babban, na ƙarfe ya fi.

Batir wane iri ne? In LiPo ne mai sel biyu cikarsa volt 8.4 ce kar ta wuce, ka tabbata ESC ɗinka, wato na'urar da ke ba injin wuta, yana kan saitin LiPo don ya yanke wuta kafin ya zuƙe shi, in ba zaka yi wasa ba sai wani satin ka ajiye shi a volt 3.8 kowane sel. Kar ka bar shi a but ɗin mota cikin rana, kar kuma ka jona caji ka kwanta wai don an kawo wuta tsakar dare, ni tabarmar ɗakina har yau da tabon ƙuna. Da ka ga ya kumbura kamar fanke ya gama aiki.

Ɗan_Kurna:
Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Daren jiya na warware ta kamar yadda Oga Bakanike ya ce, wallahi kunya ta kama ni, hannun gaba na hagu ko motsi baya yi don matsewa, sannan a aksul ɗin wannan tayar na zaro zaren buhu ya naɗe ya fi kamu ɗaya, bushin ɗin kuma ya koma kamar ƙwai. Na saita sabo a kunne, na koma 22, na gwada a tsakar gida tana tafiya sak. Boris na sa a taho min da shi, shokoba sai ƙarshen wata in albashi ya shigo. Batir LiPo ne kuma ashe a kan saitin wani irin batir, NiMH, nake ta yawo, na gyara.

Hajiya saura tambaya ɗaya, tayar baya ta dama ta fara ɓarewa daga jikin rim, sufa gulun shago zai riƙe ko akwai na musamman?

Hajiya_Injiniya:
Zai riƙe, amma mai ruwa-ruwa ba mai kauri ba. Goge wurin da sifirit ya bushe tukuna, ka ɗan ja robar ka ɗiga kaɗan ya bi da kansa, ka naɗe tayar da robar ɗaure kuɗi ta kwana. Ka duba sauran ukun ma, in ɗaya ta ɓare 'yan'uwanta suna hanya.