Ma'aikatan asibiti, ana koya muku yadda za ku tsoma baki in an wulaƙanta wani?

Nas_Mabera:
Salam jama'a. Ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ta ce NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin can, na ba ma'aikata tirenin kan abin da za ka yi in an nuna ma wani wariyar launin fata gabanka, ko abokin aiki ko majinyaci. Mu nan Sakkwato duk baƙaƙe ne amma ƙabilanci fa? Bafulatana ta zo daga ruga Hausarta ba ta nuna ba sai ka ji ana dariya wajen yankan kati, kowa ya yi gum.

Dan_Illela:
Wallahi Anti gaskiya ne, haka mutanen Ƙonni ke sha in sun tsallako, wai 'yan Nijar sun cika layi. Tirenin ɗin ba faɗa yaka koyarwa ba, ko dai ka katse maganar da wata tambaya ta aiki, ko ka kira metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ko ka rubuta ranar da lokacin da abin da aka ce, in ba ka iya ba bayan an watse ka je ka tambayi wanda aka ci ma fuska ko yana son a kai ƙara.

Baba_Atanda:
To ni mai shara in likita ne yay yi fa? In yi magana a kore ni?

Nas_Mabera:
Baba shi ya sa sai manya sun fara shiga ajin tukuna. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya hana wariyar ƙabila.

Baba_Atanda:
To ɗiyata, a fara da su mu gani.