Wane irin shaho ne yake faɗawa ruwa ya kamo kifi? A Dadin Kowa na gani

ɗan_Deba:
Slm jama'a, don Allah masu sani a taimaka min. Ran asabar na raka kawuna Dadin Kowa duba shinkafarsa, da muka gama na ce bari in leƙa bakin dam in sayi kifi. Wajen goma da rabi ina tsaye sai ga wani tsuntsu a saman ruwa, ya ɗan fi shirwa girma, cikinsa fari tas bayan kuma ruwan ƙasa mai duhu, ga wani baƙin layi ya ratsa ta idonsa kaman an ja masa kwalli. Ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, kawai sai ya miƙo ƙafa ya faɗa ruwan tsundum, wlh na ɗauka ya nutse, can sai ya taso da karfasa ya girgije jiki ya yi gaba abinsa. Ni dai da surar ɗan tsako na san shaho, ban taɓa ganin mai wanka ba.
Na biyu, muna dawowa ta gefen dutsen Bima na hango wasu can sama suna ta jewa, na fara ƙirgawa na wuce talatin sai na rikice don wanda ka ƙirga shi zai sake zagayowa. Kawu ya ce shirwa ce kawai in daina ɓata masa lokaci. Wai da gaske ne in kaka ta yi wasu daga Turai suke zuwa? kuma ya ake ƙirga abin da baya tsayawa wuri ɗaya?

mai_koma:
Wslm ƙanina. Mu da muke kwana kan ruwa, tsuntsaye biyu muka sani masu raba kifi da mu. Akwai mai farin kai da farin ƙirji, cikinsa ja ja, wannan ɗan gida ne rani da damina yana nan, kan busasshen itace yake zama in zai yi kuka sai ya jefa kai baya, kuma yawanci fizga yake daga saman ruwa ya wuce. Naka kam baƙo ne, sai ruwan sama ya ɗauke muke fara ganinsa, ya ci sanyi da mu, zafi na kankama ya ɓace. In ka sake ganinsa duba yadda yake riƙe kifin, kan kifin gaba yake juyawa kaman mai tuƙa jirgi.

ƴar_Kaltungo:
Baba mai koma ya gama magana ai, ya ba ka amsa tun kafin mu masu littafi mu buɗe shafi. Turawa ospiri suke ce masa, kusan kifi kaɗai yake ci. A ƙasashe irin su Finland da Siwidin da Jamus da Sukotland yake sheƙa ya yi ƙwai, in sanyi ya tunkaro ruwansu zai daskare sai ya tsallako Bahar Rum da Sahara ya zo Afirka ta Yamma. Ƙananan ma da suka zo karon farko ba sa komawa shekarar, sai sun ƙara girma a nan, to ko da damina ka ga guda ɗaya ba abin mamaki bane.
Maganar shirwa kuma kawu bai yi kuskure ba amma akwai saura. In jelar ta rabu biyu kaman ta kifi kuma tana murɗa ta tana juyi da ita, shirwa ce. Tamu ta gida in ta girma bakinta rawaya ne gaba ɗaya, ita ma tana ƙaura amma cikin Afirka, ta hau arewa da damina ta gangara kudu da rani. Ta Turai bakinta baƙi kanta ya ɗan yi fari fari. Inda ake faɗuwa shine ƴaƴan tamu ma bakinsu da duhu yake, to kar ka ga baƙin baki ka ce ga baturiya.
Dalilin jewar da ka gani, in rana ta dafa ƙasa musamman kan dutse iska mai zafi tana tashi sama, sai su shiga cikinta su baje fiffike ta ɗaga su kyauta, in sun kai ƙololuwa su zame su tafi neman wata. Teku baya ba da irin wannan iskar sosai, shi yasa masu dogaro da ita suke taruwa inda ruwa ya tsuke. Mashigin Jibralta tsakanin Sifen da Maroko kusan kilomita 14 ne kawai, a nan ake zama a ƙirga su. A Batumi ta ƙasar Jojiya kuwa tsakanin duwatsu da Bahar Aswad sama da miliyan ɗaya ake ƙirgawa a kaka ɗaya, ƴan sa kai ne ke yi tun 2008. Mu nan ba mu da irin wannan lungun, kafin su iso mana sun bazu, to kar ka sa rai da dubbai.
Yadda ake ƙirgar, kar ka taɓa su suna zagaye. Jira sai sun gama hawa sun fara fita a jere sun nufi gefe ɗaya, ka zaɓi wata alama ko bishiya ko turken lantarki, duk wanda ya gifta ta ka lissafa. In sun yi yawa ƙirga goma ka ga faɗin da suka ci, sai ka riƙa ɗauka goma goma.

Baban_Ummi:
Ikon Allah, wato har akwai masu barin aikinsu su hau dutse ƙirga shaho. Toh ni ma ina ƙirga, tsaki goma sha ɗaya kazata ta ƙyanƙyashe yanzu saura huɗu, a rubuta a tura Batumi. Amma tsakani da Allah abin da ya kamata ku ƙirga ungulu ne. Muna yara kwata ba ta rabuwa da su har kora ake, yau yarana hotonta kawai suka sani. An ce ungulu bata jewar banza, to yanzu jewar ma babu.

ƴar_Kaltungo:
Baban Ummi wasa kake amma ka taɓo inda ke ciwo. Tun 2015 aka sa ungulun kwata a jerin masu dab da ƙarewa, guba da masu sayen kanta don haɗa magani su suka fi cinye ta. Tsakinka kuma ayi musu akurki, ospiri dai ba ruwansa da su.

malamin_ƙauye:
Adda ƴar Kaltungo na yarda da bayaninki amma a kan na dutsen Bima ban yarda a yanke hukunci ba, tunda shi ma bai ce ya ga jela ba. Wannan lokacin ba shirwa kaɗai ke taro a sama ba. Shamuwa ma da ta gama renon ƴaƴa haka take haɗuwa tana jewa kafin ta nufi gabashi da kudancin Afirka, daga nesa in baka lura da dogon wuya da ƙafa a miƙe ba sai ka ce shaho ne. Sannan akwai wani mai cin fara, in ya buɗe fiffike ja ja ne kaman tubali, da damina yana can arewa da mu, kaka na yi yake gangarowa, ko ina aka sa wa daji wuta za ka gansu suna cafke farin da hayaƙi ya taso. Ni a hanyar Alkaleri na fi ganinsu in zan shiga Yankari, can kam tsuntsu sama da kala 350 aka rubuta, in ka samu hali je bakin kogin Gaji da sassafe.
Tunda kawunka na da shinkafa ma ba sai ka yi nisa ba. Tsaya gefen fadama da yamma za ka ga wani yana tafiya ƙasa ƙasa saman ciyawa, fiffike a ɗage sama kaɗan yana tangaɗi kaman zai faɗi, macen baƙa baƙa ce da ɗan fari a ka kaman ta ɗaura kallabi. Shi ma baƙon Turai ne, ɓera da ƙananan tsuntsaye yake bi, manomi bai kamata ya harbe shi ba.
Shawara ɗaya, ka yi yanzu kafin hazo ya sauko, in ya rufe sama ko madubin hangen nesa baya taimako. Shi madubin ma a bi a hankali, ni an taɓa tsare ni a wani ƙauye kusan awa biyu ana tambayata wa ya aiko ni leƙen asiri. Fara gaida mai unguwa ko sarkin ruwa ka faɗa musu abin da ya kawo ka. Ka rubuta rana da wuri da ƙarfe nawa ka fara ka gama, ranar da baka ga komai ba ma rubuta sifili. Akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos, suna tattara irin wannan bayanin na duk Najeriya ta manhajar BirdLasser, eBird ma kyauta ce.

ɗan_Deba:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka. Malam ka kama ni, wlh ban duba jela ba ban duba wuya ba, baki kawai na sake ina kallo, wataƙila ma shamuwa na ƙirga. Asabar kawu zai fara yanka zan koma da littafi in tsaya daga goma zuwa azahar. Baba mai koma in kana bakin dam zan neme ka ka nuna min mai farin kan, kifin ranar ma ban saya ba.