Konjunktiv I a taƙaita labaran Jamus: ina ake tsayawa?

Jama'a masu karatun Jamusanci a matakin C1, ina neman taimako kan wani abu da ya ƙi warwaruwa.

Aikin shi ne a saurari Tagesschau, labaran talabijin na Jamus, ta ƙarfe 8 na dare, mai minti 15, a taƙaita abin da 'yan siyasa suka faɗa ba tare da an kawo maganarsu kai tsaye ba. Ƙa'idar a takarda mai sauƙi ce. In mutum ɗaya ne, sai a sa Konjunktiv I, siffar aikatau ta kawo maganar wani: er habe, sie sei. In jam'i ne kuma siffar ta yi daidai da ta yau da kullum, kamar sie haben, sai a koma Konjunktiv II, sie hätten.

Inda gizo ke saƙa shi ne aikatau irin arbeiten da fordern. Sie fordern ya yi karo da Indikativ, wato siffar yau da kullum, a koma sie forderten, shi kuma ya yi karo da Präteritum, siffar abin da ya wuce. Mai karatu zai ɗauka jiya aka yi buƙatar. Littattafan nahawu sun yarda da würden fordern a nan, amma jaridu sau da yawa suna barin forderten abinsu. A DSH, jarrabawar Jamusanci ta shiga jami'a a Jamus, inda ake neman kashi 67 don samun DSH-2, wanne mai duba takarda ya fi karɓa?

Na biyu: bayan laut, zufolge ko wie er sagte, Indikativ ake sawa. To jumlar da ke biye, wadda ba ta da sagte amma har yanzu maganar ɗan siyasan ce, a mayar da ita Konjunktiv I ko a bar ta? Don Allah a kawo misali.