Me ya wajaba mai gida ya faɗa kafin ya sayar?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. Idan mutum zai sayi gida a Kano ta hannun dillali, waɗanne abubuwa ne dole mai gidan ya bayyana? In kuma ya ɓoye, sai bayan an biya aka gano, ana iya warware cinikin?

Barista:
Wa alaikumussalam. A dokar boko, abin da ido zai iya gani, kamar tsagewar bango ko rufin da ya lotsa, nauyin dubawa yana kan mai saye. Abin da ya zama dole mai sayarwa ya faɗa shi ne matsalar mallaka da ba a gani da ido: gidan yana jingine a banki, ana shari'a a kansa, akwai wani mai haƙƙi a ciki. Haka kuma in ka tambaye shi ya yi maka ƙarya, ka biya kuɗi a kan wannan ƙaryar, kana da hujjar neman a rushe cinikin. Don haka ka sa amsoshinsa a rubuce cikin yarjejeniya, gaban shaidu. Maganar baka a ƙofar gida wuyar kafa hujja gare ta.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka karɓi lambar fayil ɗin takardar C of O (shaidar mallakar fili) a yi bincike a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Jihar Kano. Nan za a ga sunan wa ke kai, akwai jingina ko bashin harajin fili. In ya ce asalin takardar "tana wajen wani", ka dakata, sau da yawa wanin nan banki ne. Kuma sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallakar irin wannan fili. Sa hannun mai unguwa shaida ce, ba ta maye gurbin wannan.

Almajirin Fiƙihu:
Barista ya kawo ɓangaren boko. A Musulunci abin ya fi tsauri: duk aibin da mai kaya ya sani, wajibi ne ya faɗa, ko ba a tambaye shi ba. Malikawa sun raba aibin gida. Ɗan ƙarami ba a neman komai a kansa. Matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a tsoron faɗuwarsa, ciniki na nan amma a mayar wa mai saye kuɗin da aibin ya rage. Babba, wanda ake tsoron ginin ya rushe, mai saye na da zaɓin mayar da gida. Cewa "na sayar yadda yake" ba ya wanke wanda ya san aibi ya yi shiru.

A kula da gidan gado. In ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa, sauran magada suna da haƙƙin shufu'a, su biya kuɗin su karɓe. A nemi takardar rabon gado ta kotu, a ga sa hannun kowa, har mata da wakilin marayu.

Injiniya:
Malam Ɗan Kurna, ka je ganin gida cikin Agusta, bayan an yi ruwan sama an ɗauke. Sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, to bango na shan ruwa. Ƙwanƙwasa filasta, in ta yi ƙarar holoƙo ta saki. Ɗaga kai ka duba silin, zanen ruwan ƙasa-ƙasa yoyo ne. Tambayi maƙwabta inda ruwan layin yake bi, su ba la'ada suke jira ba. Sannan ka karɓi lambar mita a duba bashin KEDCO, domin kai za su yanke wa wuta.

Barista:
Na manta: in akwai ɗan haya a ciki, a nuna maka rasit ɗin biyansa na ƙarshe. Mai biyan shekara-shekara galibi sai an ba shi notis na wata 6, sai dai in yarjejeniyarsu ta faɗi wani wa'adi daban.